Abin da Suhaibu Ya Faɗa Mini a Bayan Raga

Alhamis, 10 ga Oktoba, 7:15 na safe

Ya buɗe ido.

Mubina ce ta bugo daga asibiti, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi. Ta ce, "Dauda, ya farka. Ya gane Yaya, har ya nemi ruwa." Sauran maganar da Larabci ta yi ta cikin kuka, ban kama rabinta ba. Nan inda nake na zauna a ƙasa. Ruwan ya ƙone a buta ban sani ba.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 4:40 na yamma

Mudirin kwaleji, wato shugabanta, ya ce in rubuta masa rahoton abin da ya faru a fili ranar Talata. Na sayi littafin nan don in tsara maganar da Hausa kafin in juya ta zuwa Larabci. Ga iya abin da na samu:

Sunana Dauda, mutumin Kano, shekarata shida ina mataimakin mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwaleji a nan Makka. Ni ke kula da gudun yara da numfashinsu. Suhaibu ɗalibin shekara ta biyu ne, shekarunsa ashirin, lamba bakwai yake bugawa. Ɗan Yaya Zinariya ne, yayar matata Mubina. Ni na kawo shi ƙungiya. Ranar Talata, biyar saura kwata, muna cikin zagaye na huɗu, sai

Daga nan biro ya ƙi tafiya. Gobe.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 3:00 na rana

Sun bar ni na shiga minti goma. Ya rame a kwana uku kamar wanda ya shekara a kwance, wayoyi ko'ina a ƙirjinsa. Amma Suhaibu ne. Da ya gan ni ya ce da Hausarsa ta 'yan unguwar Mansur, rabi Hausa rabi Larabci, "Kawu, wa ya hau kaina? Haƙarƙarina kamar an taka da mota."

Likita ya yi dariya ya nuna ni. Ya ce ƙashi biyu na tsaga wajen danna masa ƙirji kafin a kawo jan akwatin nan na farfaɗo da zuciya, kuma da ban tsaga ba da yanzu wani zancen ake yi.

Yaya Zinariya ta biyo ni har baranda tana shi mini albarka da ƙarfi, mutane na juyowa. "Bayan Allah, Dauda ne. Ku gan shi nan. Allah ya jiƙan mahaifanka." Na leƙa ta gilashin ƙofa. Suhaibu na kallona, da muka haɗa ido ya juya fuska bango.

Yana numfashi da kansa. Wannan shi ne magana.

Asabar, 12 ga Oktoba, 9:00 na safe

Ya ci rabin tamis, gurasar nan ta Makka, da ɗan wake. Ya ce babu gishiri.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 6:30 na yamma

An ɗauke ni daga ƙwallon ƙafa. Kabtin Sami, babban mai horarwa, shi ya gaya mini a ofishinsa. Ya ce ƙa'ida ce kawai, sai kwamiti ya gama bincike, mako biyu ko uku. "Ma fi mushkila, ya Dauda, babu matsala. Kai ne gwarzon ranar, kowa ya gani." Ya dafa kafaɗata.

Kafin nan an tura ni in taimaka wa Ustaz Ma'aruf a ƙungiyar besbol. Bara aka kafa ta, a ƙaramin filin bayan ɗakin karatu. Na sha wucewa ina yi musu dariya a zuci. Mutum ɗaya ya yi jifa, ɗaya ya kai wa ƙwallon duka da kulki, sauran duk suna tsaye da safar fata a hannu kamar masu jiran bas ɗin Aziziyya. Awa biyu na yi yau, ban ga wanda ya yi gumin kirki ba.

Sai na ji daɗin hakan. Babu mai gudu. Na zauna a benci ina kallon ƙirjin kowa yana hawa yana sauka a hankali.

Talata, 15 ga Oktoba, 5:50 na yamma

Yau ce ranar da mutanen wani kulob na Jidda suka sa za su zo duba 'yan wasa. Sun zo. Daga filin besbol ina jin usur ɗin Sami. Tun watan jiya Suhaibu ke ƙirga ranar nan a yatsa.

Ban leƙa ba.

A masallacin unguwa an fara ce mini Dakta Dauda. Yaya Zinariya ta aiko da masa cike da kula. Na ce wa Mubina cikina ba daɗi.

Laraba, 16 ga Oktoba, 6:20 na yamma

Ma'aruf mutum ne mai sanyi, a waje ya koyo wasan nan. Yana ɗaure da ɗan abin ƙirga tasbihi a yatsa, irin wanda ake sayar wa alhazai a bakin Harami. Na ɗauka zikiri yake yi, ashe jifa yake ƙirgawa. Duk ƙwallon da Hudaifa ya jefa, shi ne babban mai jifansu, sai ya danna.

Yau hannun yaron ya zauna, ƙwallo na fita kamar harsashi. Ana cikin haka Ma'aruf ya ɗaga hannu. "Sittin. Halas, ya isa, sauko."

Hudaifa ya ce, "Ustaz, wallahi ban gaji ba. Goma kawai."

"Sauko."

"Kafaɗata lafiya lau, ka taɓa ka ji."

"Na yarda. Sauko."

Yaron ya jefar da safarsa ya tafi yana ƙunƙuni. Na ce wa Ma'aruf, ai ya ce lafiyarsa lau. Ya ce, "Kabtin, ɗan shekara ashirin ko hannunsa na rataye da zare zai ce maka lafiya lau. Ba ƙarya yake yi ba, so ne ya yi masa yawa. Ni aikina in ƙi jin maganarsa."

Na ce zan je in yi alwala. Na daɗe a can.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 2:10 na rana

An yi aikin, an gama lafiya. Wata 'yar na'ura suka sa masa a ƙarƙashin fata, ƙasan kafaɗar hagu, wadda za ta tashi zuciyar idan ta sake yin abin da ta yi. Likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ya maimaita da Larabci, ban riƙe ko ɗaya ba. Abin da na riƙe shi ne: zai yi aure, zai haihu, zai tsufa in Allah ya so.

Da safe kafin a shiga da shi, likitan ya tambaye shi, "Kafin ranar nan, ka taɓa jin wani abu? Jiri, ko ƙirji ya riƙe ka a wajen gudu?"

Ya ce, "Abadan."

Ina tsaye a ƙarshen gado, hannuna a kan ƙarfe.

An gama lafiya. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Oktoba, 11:00 na safe

Ban rubuta rahoton ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 6:00 na safe

Mubina ta tsare ni bayan sallar asuba. Ta ce kwana goma ke nan kowa na murna, ni kuma ina yawo a gida kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Kular masa ta uku ke nan maƙwabta ke cinyewa. "Me ka sani wanda ban sani ba?"

Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Tayyib." In ta ce tayyib haka a gajarce, to ba ta yarda ba.

Talata, 22 ga Oktoba, 7:30 na yamma

An sallame shi!

Gidan Yaya yana can saman tudu a Mansur, mota ba ta kaiwa, sai an taka matakala sittin da wani abu tsakanin gidaje. Likita ya ce kada ya hau bene tukuna. Muna tsaye a ƙasa muna shawara sai ga 'yan ƙungiya sun sauko daga motar Sami, su goma sha ɗaya, wasu ko rigar atisaye ba su cire ba. Suka aro kujerar roba a wurin mai shayi, suka zaunar da shi, mutum huɗu suka ɗaga. Ana hawa ana canji. Mai tsaron ragarmu yana gaba yana ba da umarni kamar ana bugun kusurwa, "Hagu! A hankali! Ya walad, ɗaga naka ɓangaren!" Mata suna leƙowa ta taga suna guɗa. Suhaibu na sama yana riƙe da haƙarƙari yana roƙon a daina ba shi dariya.

Yaya ta dafa shinkafa da kaji kamar ta san za su zo. Na ci. Wallahi na ci har na ƙara, karo na farko tun ranar.

Da za mu tafi na shiga yi masa sallama. Mu biyu ne a ɗakin. Ya ce a hankali, "Kawu, ya wuce. Ka bar shi ya wuce."

Alhamis, 24 ga Oktoba, 1:00 na rana

Sami ya kira ni yana fara'a. 'Yan kwamiti sun je gida sun ga Suhaibu jiya, ya ce musu babu wanda ya san komai, shi kansa bai taɓa jin komai ba. Sun duba littafin atisayena, shafi bayan shafi, babu abin da aka rubuta. Sami ya ce in kawo rahoton ko layi biyar ne a rufe fayil, ranar Lahadi in koma filina. Har takardar yabo mudir zai ba ni a gaban ɗalibai.

A watan Janairu iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, za ta ƙare, kwaleji ce ke sabunta mini. In babu aikin nan babu zama. Mubina a nan aka haife ta, Kano sau ɗaya ta taɓa zuwa, ta yi kwana tara tana zazzaɓi.

Layi biyar kawai.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 10:00 na safe

Bari in rubuta shi a nan, ko sau ɗaya.

Talata 17 ga Satumba, mako uku cif kafin ranar. An tashi daga atisaye, yara sun tafi wanka, ina tattara ƙwallaye. Na same shi a bayan raga yana riƙe da ƙarfe, leɓensa ya yi toka. Bai fi minti biyu ba ya dawo daidai. Na ciro littafi. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Kawu." A fili bai taɓa ce mini Kawu ba, Kabtin yake cewa kamar kowa. Ya ce in na rubuta za a tura shi gwaji, gwaji sai ya ɗauki wata guda, mutanen Jidda kuma ba za su jira shi ba. Ya ce bai karya da safe ba ne.

Ina da shekara sha tara wani mai horarwa a Kano ya rubuta sunana saboda gwiwa, ana saura kwana biyar a tafi da mu gwaji. Waɗanda aka tafi da su biyu sun buga wa ƙasa. Shekara ashirin da huɗu ina jin haushin mutumin nan.

Na mayar da littafin aljihu.

Shi ke nan. Ba wani abu mai tsawo ba ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, 12:30 na rana

Na je wurin Yaya Zinariya a rumfarta da hantsi, lokacin da masu karin kumallo suka watse. Tana juya ragowar ƙullu a tanda. Na tsuguna daga gefe na gaishe ta, ta ce in ɗauki kujera, na ce nan ma ya yi.

Na faɗa mata duka. Ban ɗaga kai ba, ƙafafunta kawai nake gani da gindin murhu.

Sai da ta kwashe masar da ke kan wuta, ta zuba wani ƙullun. Sannan ta ce, "Sau nawa?"

"Sau ɗaya na gani, Yaya."

"Ni sau biyu. Na same shi zaune a matakala ya dafe ƙirji, ya ce zafi ne. Na jiƙa masa tsamiya." Ta juya masar da ke tanda. "Amma ni masa nake soyawa, Dauda. Ban san zuciya ba, ban san gudu ba. Kai aka ba littafi. Kai na ba yaro."

Na ce haka ne.

"Na tsaya a asibiti ina shi maka albarka a gaban mutane, ka bar ni ina yi."

Na ce haka ne.

"Albarkar ba zan janye ba, don hannunka ne ya danna ƙirjin. Amma tashi ka tafi. Kada in ga ƙafarka a matakalata sai na neme ka."

Na taso. Abin mamaki, yunwa na ji. Na tsaya na sha shayi kofi biyu.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 11:20 na safe

Na kai rahoton, shafi ɗaya da rabi. Mudir ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce in koma wurin Ustaz Ma'aruf sai an kira ni.

Litinin, 28 ga Oktoba, 6:10 na safe

Saƙon Suhaibu: "Na rufa maka asiri ka je ka tone kanka. Yanzu ni ne maƙaryaci a gaban kowa." Na rubuta, "Ka sha maganinka."

Mubina tun Asabar ba ta yi mini Hausa ba. Jiya dai da ta ajiye mini abinci ta ce, "Da ni ka fara gaya wa." Sai ta zauna ta ci tare da ni.

Na yi barci har sai da ladan ya tashe ni. Rabona da haka tun Satumba.

Laraba, 30 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Sami ya wuce ni a bakin ƙofa bai yi magana ba. Shi ma an kira shi ya amsa tambayoyi saboda ni. Yana da gaskiya.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Ma'aruf ya ji labari, kowa ya ji. Bai ce mini komai a kai ba. Ya koya mini yadda ake tsayawa a bayan mai jifa a duba gwiwar hannunsa: in ta fara sauka ƙasa da kafaɗa, gajiya ta zo ko da ƙwallon na fita da ƙarfi. Ya ce jiki yakan riga baki faɗin gaskiya.

Hudaifa yana jifa na ga hannun ya sauka tun a na arba'in da bakwai. Na ce, "Ustaz, duba." Ya duba, ya sauke shi. Yaron ya harare ni har aka tashi. Harara ba ta kai kowa asibiti ba.

Na fara gane wasan nan kaɗan-kaɗan. Ashe tsayuwar da nake yi wa dariya, kowa a cikinta lissafi yake yi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2:30 na rana

Takarda ta fito. Gargaɗi ne a rubuce, zai zauna a fayil ɗina. Ba zan koma ƙwallon ƙafa ba a bana, na baɗi kuma sai an gani. Aikina yana nan. Za a yi wa duk 'yan wasan kwaleji gwajin zuciya kafin ƙarshen zango, har da 'yan besbol.

Na karanta wa Mubina a waya. Ta ce, "Muna nan ke nan?" Na ce muna nan. Na ji ta sauke numfashi, sannan ta ce in taho da tumatir.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 4:15 na yamma

Yaya ta aiko Mubina ta ce mu zo cin abinci bayan an sauko daga masallaci. Na hau matakalar ina ƙirgawa. Sittin da huɗu ne.

Ta zuba wa kowa, ni ta zuba mini a ƙarshe, ba ta kalle ni ba. Suhaibu na gefe da wayarsa, shi ma bai kalle ni ba. Sai da aka wanke hannu ta ce, tana kallon Mubina, "Ki gaya wa mijinki jibi akwai ganin likita ƙarfe tara. Shi zai kai shi. Ya shiga ciki da shi, kada ya tsaya a waje."

Na ce, "To, Yaya."

Sannan ta juyo gare ni. "Duk abin da ya faɗa maka a hanya, ina so in ji."

"To, Yaya."

"Ko ya ce kada ka faɗa."

Suhaibu ya ce, "Umma, ina zaune fa." Ta ce ta gan shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Likita ya ce ciwon aikin ya warke, na'ura na aiki, tafiya a ƙasa an yarda, karatu ya koma mako mai zuwa. Suhaibu ya tambayi abin da duk muka san zai tambaya. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ƙwallon gasa babu, ba bana ba, ba baɗi ba.

Muka kama hanyar gida a mota har muka wuce gadar Aziziyya. Ina ta shirya kalaman ban haƙuri a raina, duk wanda na ɗauko sai in ga bai isa ba. Can ya ce, "Kawu, zan gaya maka wani abu, amma kada Umma ta ji."

Na ce, "To kada ka faɗa, don yau ɗin nan za ta ji."

Ya yi dariya ya dafe haƙarƙari. Sannan ya faɗa duk da haka.

"Da ya ce ba zan ƙara bugawa ba, daɗi na ji. Wallahi, Kawu. Shekara guda ke nan duk ranar da na ɗaura takalmi tsoro nake ji. In na yi gudu ina sauraron ƙirjina, ba ƙwallo nake kallo ba. Kowa na cewa Suhaibu zai tafi Jidda, Umma na gaya wa masu sayen masa. Ban san yadda zan ce na fasa ba." Ya share fuska da hannun riga. "Zan yi kewar ƙwallo. Amma yau na ji kamar an sauke mini buhu."

Na samu wuri na tsayar da mota, don hanyar ta daina ganuwa sosai. Muka zauna haka, motoci na wucewa. Ya ce, "Ka yi fushi?" Na ce a'a. Ya ce yana jin yunwa.

Na gaya wa Yaya bayan la'asar, a bakin ƙofarta, shi yana ciki yana sallah. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Shekara guda. Yaron nan shi kaɗai." Ta gyara mayafinta. "Shigo, Dauda, kada ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Na shiga.